Abin da na gani yau a wajen nuna gida

Yau mai saye ya lura sunan da ke takardar mallakar gida ba na mai sayarwa ba ne, sai sabon yaronmu ya daburce. Babban dillalinmu na tsaye, kuma da ya karɓe cinikin, la'ada ta zama tasa. Amma ya ja yaron gefe ya raɗa masa: "Ƙanena, gidan gado ne. Ka ce sai magada duka sun sa hannu kafin a biya komai." Ya ja bakinsa ya yi shiru, yaron ya ƙarasa maganar da kansa.

Wallahi abin ya taɓa ni, don a sana'ar nan mun saba ganin ana ƙwace wa juna mai saye. Na tabbata yaron nan ba zai sake nuna gida bai bi takardunsa ba.