Ɗigon da ke tsakar kan damo

Ranar Asabar na je gona wajen Kawu, na tarar yaran unguwa sun haƙo damo a gindin suri, sun ɗaure shi da igiya a ƙugu. Na ba su naira ɗari biyar suka bar mini shi. Kafin in kwance shi na durƙusa na ƙura wa kansa ido. A tsakar kai, ɗan baya da idanunsa, akwai wani ɗigo fari-fari, bai kai ƙwayar gero ba. Kawu ya leƙo ya ce, “Tabo ne, ɗana, wani abu ya sare shi.” Na ce, “Kawu, wallahi ido ne.”

Da gaske nake. Damo da guza da ƙadangaru da yawa suna da ido na uku a saman kai. A ƙashin kan akwai ɗan rami, idon na zaune a ciki, fata mai shara-shara ta rufe shi. Ba ya ganin siffa, ba zai bambanta mutum da itace ba. Haske yake ji: ƙarfinsa, gushewarsa, da inda rana take. Yana tare da ƙwayar finiyal ta cikin ƙwaƙwalwa, wadda ke fitar da sinadarin melatonin, mai tsara barci da farkawa. Dabbar da zafin jikinta daga rana yake zuwa, dole ta san lokacin fitowa shanya da lokacin komawa inuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wani gwaji ne da aka wallafa a 2009, na masana a Jami'ar Ferrara ta Italiya. Sun koya wa ƙadangaru iyo a cikin kwarmin ruwa zuwa wani dandamali da ke ɓoye, ba wata alama sai rana a sama. Suka ƙware. Da aka shafe wannan ido na tsakar kai da fenti, sai suka ɓace hanya, alhali idanunsu biyu garau suke. Ashe da shi suke riƙe alƙibla.

Tuatara, wata dabba mai kama da ƙadangare ta ƙasar Niyu Zilan, ita ce ta fi shahara da wannan ido; a jariranta ana ganinsa ƙarara, bayan 'yan watanni ɓawon fata ya lulluɓe shi. Hawainiya tana da nata, amma ya tsuke, da wuya a gane shi. Maciji da kada da tsaka kuwa ba su da shi.

Tun ina yaro nake jin “damo sarkin haƙuri”, na ga ana jifansa, na ga ana gasa shi, amma sai bana na duba kansa da kyau. Hakan ya dame ni.

Da na kwance igiyar bai ruga ba. Ya ja jiki a hankali ya hau surin, ya shimfiɗa ciki a kan jar ƙasa inda hantsi ya bugi kansa. Kawu ya jingine fartanya, muka tsaya muna kallonsa.