Godiya Ga Waɗanda Suka Tsamo Mini Littafina Daga Ruwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, ranar Asabar da ta gabata aka ƙaddamar da littafina a harabar firamaren garinmu da ke ƙasar Auyo a Jihar Jigawa, an yi taro lafiya an watse lafiya. Yaba kyauta tukuici, ni kuwa ba ni da tukuicin da zai kai abin da aka yi mini, sai dai wannan ɗan rubutun. Da gangan na bar ambaton sunaye, domin yawancin waɗanda suka tsaya mini matan cikin gida ne, ba za su so a yi ta yawo da sunansu a waya ba.

Tsofaffin masu bibiyata sun san abin da ya faru, amma akwai waɗanda suka shigo daga baya. A damunar 2022 Kogin Haɗeja ya cika ya batse. Ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga wanda ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Chalawa, ga ciyawar kacala da ta daɗe da toshe hanyoyin ruwa a yankinmu. Samarin gari sun yi ta ɗura ƙasa a buhu suna ƙara wa jinga tsayi dare da rana, har daren da ta ɓalle. Daga Ringim zuwa Miga, Kafin Hausa har Guri, kowane gida da nasa labarin, kuma na wasu ya fi nawa ciwo nesa ba kusa ba. Waɗanda suka rasu Allah Ya jiƙansu da rahama. Mu gonar shinkafa ce ta tafi, sai ɗakunan ƙasa da suka zube, har da nawa.

A ƙarƙashin gadona akwai adakar ƙarfe da aka kawo ni da ita gidan aure, a ciki nake tara rubutuna. Ni ban iya ƙirƙirar labari a kan waya ba. Da biro nake yi, a littafin 'yan makaranta, bayan isha'i idan yara sun yi barci, da 'yar fitilar sola a gefe. Hirar mutanen cikin labarin nake fara rubutawa zalla, in bar gurbi, sai daga baya in dawo in gina musu ɗaki, in sa musu sutura. Hirar kuwa a bakin famfo nake tsintar ta, da gidan suna, da wurin sussuka, inda mace kan yi magana ɗaya wadda za ta kwana tana yi mini yawo a kai. Ƙanwata ce ke bugawa a wayarta, idan an karɓo ta daga shagon mai caji, ta tura wa guruf ɗin masu karatuna shafin ranar. Da ruwa ya janye aka tono adakar, takardun sun haɗe sun zama kamar kwaɓaɓɓen gari, tawada ta bi ruwa. Wayar ƙanwata ma a kwale-kwale ta suɓuce ta faɗa. Na yi kuka, na kuma ji kunyar kukan, ganin maƙwabciyata da ta rasa rumbunta gaba ɗaya ita ce ke ba ni haƙuri.

Godiyata ta farko bayan ta Ubangiji ga 'yan guruf take. Ban roƙi kowa ba. Mai kula da guruf ɗin ce ta sanar, kafin ka ce kwabo mata suka shiga tonon tsofaffin saƙonni. Daga Gumel, Kano, Zariya, Damagaram, har da masu zaune a Saudiyya, kowa ta turo abin da ya rage a wayarta. Wata baiwar Allah ashe kwafe labarin take yi da hannu a takarda don ta riƙa karanta wa mahaifiyarta, ta ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya ta aiko. Wata kuma ta naɗi karatun da muryarta saboda gwaggonta da ba ta gani. Har waɗanda shafukan suka isa hannunsu ba ta hanyar biya ba sun fito sun turo, suna neman afuwa. Na yafe muku har cikin zuciyata, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Mai kula da guruf ta zauna ta jera su bi da bi, ta gano inda aka yi tsallake, ta sake yin cigiya har aka cike.

Sai dai ƙarshen labarin ban taɓa tura wa kowa ba, yana cikin adaka. A nan ne zan ambaci Yaya, uwargidanmu. Yaya ba ta yi boko ba, allo ta yi, amma duk abin da na rubuta ita nake fara karanta wa kafin ya fita daga gidan. Ita ce za ta dakatar da ni ta ce, “Ke, wace yarinya ce za ta faɗi haka a gaban surukarta? Sake.” In sake kuwa. A ajin makarantar da aka tsugunar da mu bayan ambaliyar, muna zaune kan tabarma a gindin allo, tana tsince shinkafar tallafi a faifai, na ce mata na haƙura da littafin, don na manta yadda na ɗaure ƙarshensa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, “Ɗauko biro.” Ta fara zayyano mini shi daki-daki, tun daga ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa. Da na rubuta wata magana ba daidai ba, sai ta ajiye faifan ta ce, “A'a, ba haka ta ce ba. Cewa ta yi, Baba, in don bashin ne a sayar da akuyata, a bar ni in gama makaranta.” Wallahi haka na rubuta shi tun farko, ko kalma ba ta canza ba. Na sha rubuta kishi a labaraina, mutane kuma suna son karantawa, amma ga abin da abokiyar zamana ta yi mini. Yaya, Allah Ya raya miki zuri'a, Ya kai ki Makka, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

Malam, maigidanmu, ya sha magana a majalisa a kan matarsa na rubuta soyayya, bai taɓa shigowa da ita gida ba. Shi ya ɗauki rubutun ya kai Kano wurin masu ɗab'i, a lokacin da shi kansa yake neman irin da zai shuka a noman rani. Inna ta riƙe mini yara. Hedimasta ya ba ni ragowar littattafan rubutu da alƙaluma tun muna cikin ajinsa. Mai ɗab'in ya yarda a biya shi kaɗan-kaɗan duk da tsadar takarda. Masu kwale-kwalen da suka kwashe mu cikin dare ba su karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Zuwan Dagaci da limamin gari wurin ƙaddamarwar ya faranta mini rai fiye da yadda zan iya faɗa, kuma akwai dalili. Tun shekarun 1980 da irin waɗannan littattafai suka cika kasuwa har aka laƙaba musu adabin kasuwar Kano, ake yi wa marubutansu, waɗanda da yawansu mata ne, kallon masu ɓata tarbiyya. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano. Ban ce babu ɓatagari a cikinmu ba, akwai masu rubuta batsa don a saya, kuma ba na tare da su. Amma iyayenmu a wannan harka, abin da suka rubuta shi ne auren dole, da sakin wulaƙanci, da cire yarinya daga makaranta, abubuwan da ake yi a gidajenmu amma ake jin nauyin furtawa. Da soyayya aka lulluɓe su don su shiga ɗakin da wa'azi bai cika isa ba. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta rubutun gajerun labarai ta mata a 2016 aka ƙara ganin yawan matan da ke da abin cewa. Liman ya karanta littafin kafin ya zo, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa iyaye maza ya fi so su karanta shi. Allah Ya ƙara wa Liman lafiya da nisan kwana. 'Yan'uwa marubuta da suka taso daga Dutse, Haɗeja da Kano a kan kuɗin motarsu, Allah Ya bar zumunci.

Masu tambayar yadda za su samu, kwafin ba su da yawa, a yi wa mai kula da guruf magana. Wani kaso na kuɗin zai tafi wurin sayen kwanon rufi ga zawarawa biyu na unguwarmu da har yanzu suke raɓe a gidan dangi.

Saura roƙo ɗaya. Akwai wani labarin da na fara turawa kafin wannan na dakata, na yarinyar nan mai tallar fura a tasha. Shi ma yana cikin adakar, kuma farkonsa kawai aka samu. Duk wadda ke da sauran shafukansa a tsohuwar waya ko a memori, don Allah ta duba ta turo.

Wassalam.