Landan zuwa New York: zuwa awa takwas, dawowa bakwai

Daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa na JFK a New York, nisan ya ɗan haura kilomita 5,500. Jirgin fasinja kuwa, idan ya daidaita a sama, yana cin kusan kilomita 900 cikin awa ɗaya. Kowa ya buga lissafi zai samu awa shida da 'yan mintoci. Amma tikitina cewa ya yi zuwa awa takwas, dawowa kusan bakwai, alhali hanya ɗaya ce.

Ƙaramin allon da ke bayan kujerar gabana ne ya warware mini wannan. A tafiya, jirgin bai miƙe yamma sak ba. Ya bi ta saman Ireland, ya lanƙwasa arewa, ya ɓullo ta gabashin Kanada wajen Newfoundland, sannan ya gangaro. Da farko sai ka ce zagaye yake yi, amma duniya a dunƙule take, wannan lanƙwasar ita ce gajeriyar hanya. Taswirar bango ce ke ruɗin ido.

Abin da na fi zuba wa ido shi ne lambar iska. A tsayin da jirage ke tafiya, wajen kilomita 10 zuwa 12, akwai wata iska mai ƙarfin gaske da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Amurka kokawa yake yi da ita, gudun jirgin sai raguwa yake a allo. Mai dawowa kuwa tura shi take yi ta baya. Da hunturu ta fi tsanani: a Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56.

Sai maganar agogo. Lokutan da ke kan tikiti na garin tashi da garin sauka ne, kuma Landan ta riga New York da awa biyar. Na tashi da hantsi, na sauka da azahar, jikina kuwa yana cewa magariba ta yi. Dawowar ta fi wuya duk da ta fi gajarta: an tashi da dare, kafin a gama rabon abinci a kashe fitilu, barcin bai yi nisa ba sai ga gari ya waye.

Awannin tikitin ma daga janye jirgi daga ƙofar tashi ne zuwa tsayawarsa a ƙofar sauka, har da jiran layin tashi. Binciken tsaro, layin jami'an shige da fice da jiran akwati duk ba sa ciki. Shi ya sa yanzu idan zan canza jirgi bayan doguwar tafiya, nakan bar tazarar awa uku, kuma ba na sa wata ganawa da safiyar ranar da na sauka daga Amurka.