Wasan waya ya ce ta iya, takarda ta ce da saura

Wata da watanni autata, 'yar shekara 5, tana tara taurari a wani wasan koyon rubutu da lissafi da na sauke mata a waya. Har bidiyo na ɗauka na tura wa 'yan uwa, wai ga ta tana rubuta A zuwa Z ba gargada.

Ranar gwajin shiga aji ɗaya a wata makaranta nan Pantami asiri ya tonu. Aka miƙa mata fensir, ta damƙe shi kamar muciya. Malamar ta jera murafen kwalba huɗu, ta ƙara uku, ta ce nawa ke nan? Yarinya ta yi tsuru tana jiran a ba ta zaɓi.

"Hajiya, waya take bugawa ko?" in ji malamar. Ko ɗaga kai ba ta yi ba, alamar ba a kanmu aka fara ba.

Da dare na karɓi wayar na buga da kaina. Da gangan na ja layin harafi a karkace, sai wasan ya miƙar da shi, ya fito tsaf, har da tafi. A lissafi amsa uku yake jerawa. Ka taɓa ta farko ba ita ba, ka taɓa ta biyu, ta ukun dole ta zama daidai, kuma tauraronka na nan cikakke. Canki-canka yarinyar nan take yi duk tsawon lokacin! Abin da ya fi ƙona min rai, da niyya aka gina shi haka. Yaron da aka ce ya faɗi zai ajiye waya, masu wasan kuwa talla suke nunawa tsakanin darasi da darasi, zamansa a kai shi ne cinikinsu. Da datata ma, bayan ƙarin kuɗin da aka yi a 2025.

Ban hana ta waya ba, don sunayen lambobi da sautin haruffa a can ta kama su, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Na dai goge wancan na koma wani wasan koyo mai suna Khan Academy Kids, kyauta ne kuma babu talla, sai dai Turancinsa na Amurka ne, sai na zauna kusa ina fassara mata. Rabin awa bayan Magariba, shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi 'yan shekara 2 zuwa 4 kada su wuce awa ɗaya a rana suna kallon waya ko talabijin.

Duk wasan da za ki ba yaro, fara buga shi da kanki, ki yi kuskure da gangan. In ya tafa miki, goge shi a take. Abin da ya koya kuma a maimaita da fensir da ƙwayar wake a ranar. Tawa yanzu tana haɗa bakwai da biyar da wake, amma 3 ɗinta har gobe baya yake kallo, muna nan muna fama.