Laraba: famfon gishiri a jikin kifi

Yau kusan wunin duka a gaban kwamfuta ya ƙare, ina jera ƙwayoyin gado na famfon sodiyam da fotasiyam, wato furotin da ke dakon gishiri a jiki, daga kifaye iri-iri, in ga wane ya fito daga tsatson wane. Aiki ne mai cin ido, amma ba ya gundurata.

Matsalar kifin ruwan daɗi ita ce jininsa ya fi ruwan da yake ciki gishiri nesa ba kusa ba. Ruwa na kutsa masa jiki ba dare ba rana, gishiri kuma na zurarewa ta mashaƙar numfashinsa da ke gefen kai. Ruwan kam, kifin yana fitar da shi da yawan fitsari. Gishirin kuwa dole ya tsinto shi daga ruwan da kusan babu komai a cikinsa. Tun a 1937 masanin kimiyya August Krogh ya nuna cewa kifi na yin wannan tsintuwar da ƙarfinsa. Masu aikin furotin ne da ke zaune cikin tantanin ƙwayar halitta suna dako, jagoransu shi ne famfon da masani Jens Skou ya gano a 1957, mai fitar da sodiyam uku daga ƙwayar halitta ya shigar da fotasiyam biyu.

Da bishiyar dangantakar, wato zanen da ke nuna wane ya fito daga wane, ta fito bayan azahar, sai na ga abin da na saba gani amma har yanzu yana burge ni: inda ɗan Adam ke da ƙwayar gado guda, kifi sau da yawa biyu gare shi. Dalili kuwa, sama da shekara miliyan 300 da suka wuce kundin gadon kakan yawancin kifaye masu ƙashi ya ninka kansa gaba ɗaya. Dangin salmon, kifin da ke zirga-zirga tsakanin kogi da teku, sun sake ninkawa kimanin shekara miliyan 80 zuwa 100 baya. Mafi yawan kwafin sun lalace sun ɓace. Waɗanda suka tsira su ne abin tambaya, kuma masanin gado Susumu Ohno ya riga ya hango amsar a 1970: idan akwai biyu, ɗaya na iya riƙe tsohon aiki, ɗayan ya sami sararin sauyawa.

A salmon abin a fili yake. Kwafin da ake kira α1a shi ke tashe idan kifin na cikin kogi, da ya doshi teku sai α1b ya karɓi ragama. Kamar 'yan'uwa biyu ne da suka raba gona, kowa da ɓangaren da ya iya. Karfasa ma tana da kwafin da ke ƙaruwa a ruwan daɗi, to amma a bishiyar bai zauna kusa da na salmon ba. Wato kowane dangi shi kaɗai ya laluba har ya iso mafita iri ɗaya. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai yau, don ina ganin mutane na saurin ɗaukar kamanni a matsayin gado, alhali wani lokacin matsin yanayin ruwan ne kawai ya tura su hanya guda.

Da yamma na leƙa abin da ya ɓace, domin rashi ma labari ne. Akwai wata ƙofar sodiyam mai suna ENaC, wadda ƙodar mutum da fatar kwaɗo ke dogaro da ita. Babban rukunin kifayen nan masu ƙashi da kundin gadonsu ya ninka ba shi da ita sam, ga shi kuwa su ne suka cika koguna da tafkuna. Kifin zebra ya cike gurbin da wasu masu dakon, irin su NHE3b da wani kwafin NCC, a ƙwayoyin halitta daban-daban. Gaiwa, wadda ta fi kusa da mu a dangantaka fiye da kusancinta da karfasa, har yau tana riƙe da tata. Na saka ta cikin jerin da zan ƙara wa bishiyar, tare da kifin gar, wanda danginsa suka ware tun kafin waccan ninkawar ta farko.