Rijiyar da ta hana raƙuma tafiya

Lokacin da na fara aikin tallafa wa makiyayan raƙuma, a ganina matsalarsu ɗaya ce: ruwa. Muka haɗa kuɗi aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, muna ta murna. Kafin a yi damina biyu, garkuna daga ko'ina sun tare a wurin. Suka cinye ganyen bagaruwa da aduwa har iya inda wuyan raƙumi ke kaiwa, kewayen rijiyar ya zama fako.

Wata safiya wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni gaban taguwarsa. Tozonta ya kwanta gefe kamar tsohuwar salka. Ya ce, "Ɗana, kitse ne a tozon nan. Ƙishi tana jure shi kwana da kwanaki, yunwa ce ke kayar da ita." Na ce, "Baba, to yaya za mu yi?" Ya ce a riƙa rufe rijiyar da damina, a bar dabbobi su bi tafkuna, ƙasa ta huta. Haka muka yi, muka kuma bar wa dattawansu ikon buɗewa da rufewa.

Daga nan na fahimci cewa yawon da ake zagin makiyaya da shi, shi ke raya dajin. Taimakon da ya fi amfani shi ne wanda ke bin garke. Muka koya wa matasansu gane ƙazwa da sammore, wanda ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, da auna magani daidai nauyin dabba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don taguwa na ɗaukar ciki kusan wata 13, kuma galibi sai bayan shekara 2 take sake haihuwa. Idan ta mutu, nonon yara ne ya tafi, da arzikin shekaru.

Na ji daɗi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2024 ga dangin raƙumi, 2026 kuma ga makiyaya da filayen kiwo. Sai dai abin da ke hana ni barci shi ne burtali, hanyar dabbobi, wanda gonaki da shinge ke ci kullum. Yanzu rabin lokacina a zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya yake ƙarewa, muna kafa duwatsun iyaka ɗaya bayan ɗaya.