Godiya daga gidanmu na unguwar Domayo, Marwa

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa na Marwa, Garwa, Kusiri da sauran wurare, Allah ya nufa 'yata ta samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya. Za ta je digiri na biyu a fannin ƙasar noma da ruwa, bayan ta kammala na farko a Jami'ar Marwa, nan arewacin Kamaru. Tun da labarin ya fita wayata ba ta huta ba, ƙofar gida ma haka. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, ku karɓi wannan a madadin zuwana.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga malaminta ne, wanda ya duba mata aikin kammala digiri. Ba ya son a ambaci sunansa, ni ma ba zan saɓa masa ba.

Makinta ya kai, don kashi 75 cikin ɗari suke nema ga masu digiri na biyu, shekaru kuma ƙasa da 30. Amma masu irin wannan maki suna da yawa a duniya. Abin da ke bambanta mai nema da sauran shi ne takardar da zai rubuta da kansa, ya faɗi ko shi wane ne, me yake son karantawa, me zai yi da shi. A kan wannan takarda Malam ya tsaya mata tsayin daka. Da ta nuna masa rubutun farko, a zaurena ya karanta shi, ya ajiye, ya ce: "'Yata, in na goge sunanki na sa na wata yarinyar, akwai abin da zai canza?" Ta ce babu. Ya ce, "To ba taki ba ce tukuna." Ya ce jumloli irin su "tun ina ƙarama nake son ilimi" da "ina son ciyar da ƙasata gaba", mai dubawa ya karanta su har ya gaji. Sai ya tambaye ta abin da ta gani da idonta, ta taɓa da hannunta.

Nan ta kawo maganar karal ɗin kakanta, wato gonar laka da ake noma muskuwari, da ke wajen Salak kusa da Marwa. Mu da muka tashi a nan ba ma ɗaukar muskuwari abin mamaki: dawa ce da ake dasawa bayan damina ta ɗauke, wajen Satumba zuwa Oktoba, a huda ƙasa da sanda, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa dashe, shi ke nan ba ta ƙara ganin ruwan sama har girbi a Janairu ko Fabrairu. Laimar da laka ta riƙe ita take sha. Yarinyar ta rubuta yadda wani gefen gonar ya ƙeƙashe ya koma harde, ruwa ya bi ta kansa ya wuce bai shiga ba, da yadda ta riƙa ɗebo ƙasa a leda daga zurfi daban-daban tana aunawa don ta gane ko 'yan madatsan da manoma ke yi suna ƙara laima. Da aka fassara mini da Hausa, wallahi sai da na ga gonar mahaifina a gabana, har da tsagewar ƙasar. Malam ya ce yanzu an fara magana.

Daga nan ya sa ta ɗaure abu uku da igiya ɗaya: abin da ta riga ta yi, abin da ba ta iya ba wanda sai a sashen da ta zaɓa za ta koya, da aikin da za ta kama in ta dawo. Ya sa ta buɗe jerin darussan kowace jami'ar da ta zaɓa ta karanta, don kada ta yabi makaranta da abin da ba ta koyarwa. Cikin dangi akwai waɗanda suka ce a cika takardar da labarin talauci don a ji tausayinmu. Malam ya ce a faɗi gaskiyar hali a taƙaice in an tambaya, amma mutanen nan ɗaliba suke nema. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai, don ban so 'yata ta shiga ƙasar mutane da ƙoƙon bara ba. Bai rubuta mata ko layi ɗaya ba, tambaya kawai yake yi da jan biro a gefe. Malam, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a.

Sai maƙwabciyarmu, malamar Turanci 'yar Bamenda. Karatun yarinyar da Faransanci ta yi shi, takardar kuma da Turanci ta rubuta. Baiwar Allah nan takan taso daga makaranta a gajiye, ta zauna a tabarmar uwargidana, ta sa yarinyar ta karanta da ƙarfi. Duk inda numfashi ya yanke mata kafin jumla ta ƙare, sai a raba jumlar biyu. Ta gyara nahawu, amma ta ƙi cusa manyan kalmomi, ta ce ranar ganawa da masu ba da tallafin za a tambaye ta a kan abin da ta rubuta, dole bakinta da takardarta su zo ɗaya. Haka kuwa aka yi, muskuwari aka fi tambayarta. Madam, mun gode, mun gode.

Ina godiya ga yaron da ke da shagon kwamfuta a bakin titinmu. Daren da za a tura takardu wuta ta ɗauke, ya tada janareta da man kansa, ya ƙi karɓar ko dala. Ina godiya ga kawunta da ya raka ta a mota har Ngaundare suka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, da Hajiyar da ta sauke su can a unguwar Birkiteri kamar 'ya'yan cikinta. Uwarta kuwa, da ta ɗauke mata girki da wanki duk watannin nan, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Iyaye da dama sun tambaye ni wa muka biya. Ba mu biya kowa ba. Neman wannan tallafi kyauta ne, ta intanet ake yi, kuma bisa al'ada ana buɗewa 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu. Wanda ya samu, suna ɗaukar kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya, tikitin jirgi da kuɗin kashewa na wata, da shekara ɗaya ta koyon Turkanci. Masu cewa a kawo kuɗi su rubuta wa yaro takarda, rubutu ɗaya suke juya wa kowa, ku kiyaye su.

Kafin ta tafi, yarinyar za ta riƙa zama ranar Asabar bayan la'asar a zaurenmu da duk ɗalibin da ke son a duba masa rubutunsa, mata da maza. Kowa ya zo da abin da ya rubuta da hannunsa. Walima kuma ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, kowa da kowa muna gayyata. Ku sa ta cikin addu'a, Allah ya kai ta lafiya ya dawo mana da ita lafiya.